Direban Da Ya Tsaya Saboda Ƙanƙara Bai Yi Laifi Ba

Idan Bahaushe ya ce hunturu, hazo da ƙura da kaushin ƙafa ne ke faɗo masa a rai. A arewacin Amurka kuwa, lokacin sanyi na nufin titi ya daskare ya koma kamar gilashi. A kan irin wannan titi ne wasu direbobi ke jan kayan da suka wuce kima, irin su taransifoma da fukafukan injin samar da lantarki daga iska. Abin tambaya a nan shi ne: idan yanayi ya tsayar da irin wannan mota, wa ya kamata ya ɗauki asarar?

Bari mu fara da doka. A manyan hanyoyin tarayyar Amurka, motar da faɗinta ya wuce ƙafa 8 da inci 6, ko nauyinta ya haura fam 80,000, wato kimanin tan 36, sai da izini na musamman. Kowace jiha ita ke ba da nata izinin, ta zana wa direba hanyar da zai bi, wani lokaci ta wajabta masa motocin rakiya gaba da baya. Jihohi da dama ba sa barin irin wannan kaya ya motsa da dare, ko lokacin da titi ya yi santsi, ko ido ba ya ganin nesa. To, a watan Disamba, wuni a birnin Minneapolis bai kai sa'a tara ba. Mai karatu zai ga cewa tun kafin direba ya tayar da inji, an riga an ƙayyade masa lokaci.

Zaɓen hanya ma ba a hannunsa yake ba. A jihar Kolorado, motar da tsayinta ya wuce ƙafa 13 da inci 11 ba ta shiga ramin Eisenhower da ke kan hanya mai lamba 70; sai ta haura ta mashigin Loveland, mai tudun ƙafa 11,990. Daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Mayu kuma, wajibi ne manyan motocin haya su riƙe sarƙoƙin ɗaura wa taya a wannan yanki. A Wyoming, iska ce dodon hanya mai lamba 80, inda a watan Maris na 2020 motoci fiye da 100 suka yi karo, mutum uku suka rasu. Ko sanyin ya wuce ba a huta ba, domin idan ƙasa ta fara narkewa ƙarƙashin kwalta kan yi laushi, sai jihohi irin su Minnesota da Michigan su rage nauyin da aka yarda a ɗauka.

Mai ƙaramar mota zai iya ratsewa ya bi wata hanya. Mai wannan kaya kuwa sai ya nemi sabon izini, ga motocin rakiya ana biyansu suna zaune, ga injin sauke kaya da aka yi haya yana jira a can. Daga nan ne matsi ke farawa, waya ta yi ta ƙara, ana cewa ya daure ya ƙarasa.

Dokar tarayya ta umurci direban babbar mota ya dakata idan yanayi ya yi haɗari matuƙa, wata dokar ta 1982 kuma ta hana a kore shi don ya ƙi tuƙin da yake ganin zai halaka shi. Duk da haka, a Janairun 2009 a jihar Illinois, birkin tirelar wani direba ya daskare, ya yi sa'o'i yana jiran agaji cikin motar da ba ta da ɗumi, har jikinsa ya fara sandarewa. Ya kwance tirelar ya tafi neman tsira, kamfani ya kore shi. Sai a 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar masa da gaskiyarsa, kuma ko a nan alƙali Neil Gorsuch bai yarda da hukuncin ba. Shekara bakwai ke nan mutum yana neman haƙƙin da doka ta rubuta masa.

Masu kaya za su ce kowane wuni na jinkiri kuɗi ne, kuma gaskiyarsu. Amma sanyi ba baƙo ba ne. Kowace shekara yana zuwa a kan lokacinsa. Abin da aka san zuwansa, a lissafi ake sa shi. A ganina, kamata ya yi kowace yarjejeniyar dako ta ware kwanakin jiran yanayi, ta faɗi wanda zai biya su, a nemi izinin hanya ta biyu tun kafin tashi, a kuma biya direba kuɗin zamansa. Muddin da tafiyar da ya yi kaɗai ake auna ladansa, to an sa shi zaɓi tsakanin abincin iyalinsa da ransa.

Magabata sun ce sauri ya haifi nawa. Taransifomar da ta makara da kwana uku za ta yi shekaru tana aiki. Wadda ta kife a kwazazzabo sai an jira watanni a ƙera wata, direbanta kuwa babu masana'antar da za ta mayar wa 'ya'yansa da shi.