Ƙwayar Folik Mai Tsada Da Ake Yayi

A wannan mako za mu duba wata ƙwayar magani mai suna metilfolet, wadda ake tallata wa matanmu masu juna biyu, wai ta fi folik asid ɗin nan da ake bayarwa wurin awo. Tsada kam ta fi ta nesa ba kusa ba.

Dukansu biyu bitamin B9 ne. Folik asid sai hanji da hanta sun sarrafa ta kafin jiki ya mora, ita kuwa metilfolet sarrafaffiya ce, watau kamar tsaba da gari. Masu talla sukan ce akwai waɗanda suka gaji rauni wajen wannan sarrafawa. Gaskiya ne, amma irin wannan gado kaɗan ne cikin baƙar fata, kuma masu shi ma jikinsu yana cin moriyar folik asid.

To, ga inda gizo yake saƙar. Bututun da yake zama ƙwaƙwalwa da lakar jariri yana rufewa ne cikin kwana 28 da shigar ciki, sau da yawa kafin mace ta farga. In bai rufe ba, sai a haifi yaro da ɓarakar gadon baya. A 1991 wani babban bincike na likitocin Ingila ya nuna folik asid ta rage maimaituwar wannan lahani da kashi 72 cikin 100 ga matan da suka taɓa gamuwa da shi. Da folik asid aka samo wannan shaida, metilfolet ba ta da irinta. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take shawartar mace ta sha maikirogiram 400 na folik asid kullum, tun kafin ta ɗauki ciki. A ganinmu, bai kamata maigida ya kashe kuɗin cefane a kan abin da ba a tabbatar ya fi ba.

Kowace aka sha, wuce ƙa'ida yana da illa. Yakan ɓoye ƙarancin jini na rashin bitamin B12, alhali jijiyoyi suna ta lalacewa a ɓoye. Mai shan maganin farfaɗiya ya fara tuntuɓar likita. Haka kuma ƙwayar folik asid mai miligiram 5, irin wadda masu amosanin jini suke sha, tana rage ƙarfin Fansidar da ake ba mai ciki don rigakafin zazzaɓin cizon sauro, saboda haka kada a haɗa su sai da sanin ma'aikatan asibiti.