A Gina wa Jemage Nasa Ɗakin

Yau ba littafin soyayya na zo da shi ba, maganar jemage ce, kuma na san tuni wasu sun yamutsa fuska.

A Amurka akwai masu kafa wa jemage akwati a bayan gida. Siririn akwatin katako ne, ƙofarsa a ƙasa, ratar cikinsa kamar santimita 2, domin jemagen da ke cin ƙwari matsi yake so. Ana kafa shi a bango ko kan dogon ƙarfe, sama da mita 3 daga ƙasa. Kashin ya zubo, mai gida ya kwashe ya kai lambu.

Abin ba yau aka fara ba. Tun 1911 wani likita, Charles Campbell, ya gina musu hasumiya a tafkin Mitchell kusa da San Antonio a jihar Texas, da nufin su cinye sauron da ke yaɗa zazzaɓi, yana kuma sayar da kashinsu a matsayin taki. Jami'ar Florida ta gina nata gidan jemagun a 1991, sai da aka yi shekaru ana jira kafin su tare. Ashe jemage ma yana da jan aji irin na amarya!

Ni dai ina ganin dabarar ta dace da mu. Jemagu suna cikin silin ɗin makarantu da tsofaffin gidajenmu, wari ya ishe mu, ga takin zamani ya gagari talaka. Kashin mai cin ƙwari kuwa cike yake da sinadarin naitirojin, wanda alayyahu da latas ke so. Kaɗan ake barbaɗawa a cakuɗa da ƙasa, in ya yi yawa ƙone shuka yake yi. To me ya fi, a sa musu guba su ruɓe a silin, ko a ba su nasu ɗakin a toshe namu? Amma kada a toshe lokacin da suke goyo, 'ya'yan za su mutu a ciki.

Zancen sauro kam kada a ruɗe mu. Suna cinsa, amma sun fi cin buzuzu da malam-buɗe-littafin dare, don haka gidan sauro na nan daram.

Sai kuma hattara. Ƙurar busasshen kashin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar huhu da likitoci ke kira histoplasmosis, saboda haka a yayyafa ruwa, a rufe hanci kafin a share. Jemagen da ya faɗo ƙasa kada yaro ya taɓa shi, yana iya ɗaukar ciwon haukan kare. Turawan da ke cewa a kafa akwatin inda rana za ta doke shi awa 6, da sanyin ƙasarsu suke magana. A zafin Afrilu na Kano ko Maraɗi, bangon da inuwa ke rufewa da azahar za a nema.