Sifilin da Excel ke haɗiyewa

 Yau ofishin masu lissafi za mu leƙa, musamman a kwanakin ƙarshen wata, lokacin da ake haɗa jadawalin albashi domin miƙa wa banki. Daga makarantar kuɗi har sakatariyar ƙaramar hukuma, akasarin masu wannan aiki da manhajar Excel ta kamfanin Microsoft suke yin sa. Manhaja ce mai ƙwazo, wannan ba abin ja ba ne. Sai dai tana da wata ɗabi'a ta karambani. Idan ka rubuta mata abu sai ta dube shi, ta yanke wa kanta hukuncin abin da kake nufi, ta sauya shi, ba tare da ta ce maka uffan ba. Galibi takan dace. Ranar da ta kuskure kuwa, wani magidanci ne zai kwana bai ga albashinsa ba, shi kuma akawun da ya shigar da bayanan ya yi ta rantsuwa cewa daidai ya rubuta. Kuma gaskiyarsa ne.

Tun da Babban Bankin Najeriya ya daidaita lambobin asusun ajiya ƙarƙashin tsarin NUBAN, kowane asusu lambobi 10 gare shi cif, kuma da yawansu da sifili suke farawa. Rubuta 0012345678 a cikin gurbi ka danna Enter, abin da za ka gani shi ne 12345678. Sifili biyu sun tafi. Haka lambar waya mai farawa da 080 take komawa 80. Dalilin Excel shi ne a ilimin lissafi 007 da 7 duk ɗaya ne, don haka a wurinta shara ta share maka. Abin da ba ta sani ba shi ne lambar asusu suna ce da aka rubuta da alƙaluma. Babu mai tara lambobin asusun mutum biyu ko ya raba su gida uku. Duk lambar da ba za a yi lissafi da ita ba, irin su lambar asusu da ta waya da BVN da NIN da lambar jarabawar ɗalibi, rubutu ce, kuma sai ka gaya wa Excel haka da kanka.

Yadda ake gaya mata ba wuya. Kafin ka shigar da komai, zaɓi ginshiƙin gaba ɗaya ta hanyar danna harafin da ke samansa, ka danna Ctrl da 1 tare, sannan ka zaɓi Text daga jerin da ya bayyana. A lura da kalmar kafin. Idan sifilin ya riga ya faɗi, mayar da ginshiƙin Text ba zai dawo da shi ba, ihu ne bayan hari. In kuwa lamba ɗaya ko biyu ce kawai, fara ta da alamar nan da muke sakawa a farkon kalmar 'ya'ya. Alamar ba za ta fito a gurbin ba, lambar kuma za ta zauna yadda ka rubuta ta. Za ka ga wani ɗan koren tabo a kusurwar gurbin yana tayin mayar maka da ita adadi. Ka ƙyale shi. Masu son ganin aiki tsaf sun sha bin wannan tayi su rushe gyaran da wani ya yi.

To idan jadawalin ya zo maka da ɓarnar fa? A nan an yi sa'a, domin tsawon lambar sananne ne. A wani sabon ginshiƙi rubuta =TEXT(A2,"0000000000"), wato sifili 10 a tsakanin alamun zance, ka ja shi har ƙasa. Duk lambar da ta gaza 10 za a cike mata giɓinta ta gaba. Ga lambar waya sai a sa sifili 11. Daga nan ka kwafi sakamakon ka manna shi ta Paste Special, ka zaɓi Values, domin ya tsaya da ƙafarsa. Akwai masu bin wata hanya ta daban, su shiga Custom su jera sifili 10. Ni ban cika son wannan ba, domin kwalliya ce a fuska. A ido lambar ta cika, amma can ciki tana nan da giɓinta, kuma ranar da aka zo gwada ta da wani jadawali ta hanyar VLOOKUP sai a ga ba sa haɗuwa, a rasa dalili.

Dogayen lambobi nasu ya fi muni. Da zarar lamba ta wuce 11, Excel takan taƙaita ta zuwa salon masana kimiyya. Lambar wayar da aka rubuta da 234 a gaba lambobi 13 ce, sai ta koma wani abu kamar 2.34803E+12. A wannan mataki ba a yi asara ba tukuna, cikakkiyar lambar na nan a ɓoye. Amma idan aka adana fayil ɗin a tsarin CSV a haka, abin da ido ke gani shi ake rubutawa. Gobe a buɗe a tarar da mutum ɗari suna da lambar waya ɗaya mai jerin sifili a ƙarshe. Sannan akwai iyakar da ba ta da magani: Excel ba ta riƙe fiye da lambobi 15 a matsayin adadi. Katin cirar kuɗi mai lambobi 16, ta ƙarshen za ta zama sifili. Lambar katin mitar lantarki mai 20, biyar ɗin ƙarshe sun tafi. Babu wata dabara da za ta dawo da su, sai dai a koma takardar asali a sake shigarwa.

Tun da an ambaci CSV, bari mu ɗan tsaya a kansa, domin ta nan mafi yawan ɓarnar ke shigowa. CSV fayil ne na zallar rubutu, ana raba bayanansa da waƙafi, kuma shi bankuna da shafukan rajista suka fi bayarwa suka fi karɓa. Ba ya ɗauke da wani bayani cewa wannan ginshiƙi rubutu ne, wancan adadi ne. Idan ka danna shi sau biyu ya buɗe a Excel, nan take za ta yi masa irin fassarar da muka faɗa. Fayil ɗin da ke kan kwamfutar lafiyarsa ƙalau har zuwa lokacin da ka danna Save. Daga nan ɓarnar ta tabbata. Hanyar da ta fi aminci ita ce ka buɗe sabon shafi, ka shiga Data, ka zaɓi From Text/CSV, a akwatin da zai fito kuma, wurin Data Type Detection, ka zaɓi Do not detect data types. Komai zai shigo a matsayin rubutu, sai ka mayar da ginshiƙin kuɗi adadi da hannunka. Masu amfani da LibreOffice, wadda kyauta ake samunta, sun huta ta wannan ɓangare, domin ita takan tambaye ka yadda za a ɗauki kowane ginshiƙi duk lokacin da ka buɗe irin wannan fayil.

Kada akawunmu ya ɗauka shi kaɗai ke shan wannan wahala. Masana ƙwayoyin halitta sun daɗe suna kuka, domin sunayen wasu ƙwayoyin gado kamar MARCH1 da SEPT1 Excel takan ɗauke su a matsayin 1 ga Maris da 1 ga Satumba. Wani bincike da mujallar Genome Biology ta buga a 2016 ya gano irin wannan kuskure a kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalolin da aka duba masu ɗauke da jerin sunayen a Excel. Da abin ya ishe su, a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sauya sunayen, MARCH1 ya koma MARCHF1, SEPT1 ya koma SEPTIN1. Masana ne suka kauce wa manhaja hanya. Sai a watan Oktoban 2023 Microsoft ya fito da gyaran da aka daɗe ana nema. Mai amfani da Microsoft 365 ya shiga File, sai Options, sai Data, zai ga sashen Automatic Data Conversion. A nan zai iya cire alama daga zaɓin da ke goge sifilin farko, da wanda ke datse dogayen lambobi, da wanda ke mayar da haruffa kwanan wata. Shawarata ga duk mai kula da kwamfutocin ofis ita ce ya zagaya teburin masu lissafi ɗaya bayan ɗaya ya cire waɗannan alamu, aikin minti biyu ne a kowace na'ura. Masu Office 2016 da 2019 ba su da wannan sashe. Dama kuma 14 ga Oktoban 2025 ce ranar da kamfanin ya tsayar ta daina aika wa waɗannan biyun gyare-gyaren tsaro, don haka dalilin sabuntawa ya zama biyu.

Kwanan wata ma yana da nasa tarkon. Mu idan muka rubuta 03/04/2025, 3 ga Afrilu muke nufi. Kwamfutar da aka saita a tsarin Amurka 4 ga Maris za ta karanta, kuma da yawa daga cikin kwamfutocin da ake sayowa na hannu a haka suke zuwa. Abin da ke ruɗarwa shi ne 25/04/2025 ba za ta juya shi ba, tun da babu wata na 25, sai ta bar shi a matsayin rubutu. Ka ga ginshiƙi ɗaya, rabi an juya, rabi an bari. Alamar gane shi ita ce wasu ranakun sun jingina dama, wasu hagu. A jadawalin ranar haihuwa ko ranar kama aiki, wannan na iya matsar da ranar ritayar mutum da watanni. A shiga Region a cikin saitin Windows a zaɓi Ingilishin Najeriya ko na Birtaniya, a kuma saba wa kai tsarin da ke nuna sunan wata da haruffa.

Akwai kuma wadda ta shafe mu masu rubutu da Hausa. Idan sunayen da ke jadawalin na da ƙ ko ɗ ko ɓ, ko an sa alamar naira, a zaɓi CSV UTF-8 wajen adanawa. CSV na gargajiya bai san waɗannan haruffa ba, yakan maye gurbinsu da alamar tambaya.

Su kuma masu riƙe da tsofaffin fayiloli masu ƙarewa da xls, su sani layuka 65,536 kawai tsarin ke ɗauka, alhali xlsx da ya zo tun 2007 yana ɗaukar 1,048,576. Wannan iyaka ce ta sa hukumar lafiyar al'umma ta Ingila ta kasa ƙirga mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu da korona tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoban 2020, aka kuma makara wajen neman waɗanda suka yi cuɗanya da su. Makarantar unguwa ba za ta kai wannan adadi ba, amma rajistar ma'aikatan jiha ko ta masu cin gajiyar tallafi tana iya kaiwa.

Kafin jadawalin albashi ya bar ofis, a ƙara ginshiƙi ɗaya na wucin gadi a rubuta =LEN(A2) a gefen lambobin asusu, a ja shi ƙasa, a tace a ga ko akwai wadda ba ta ba da 10 ba. A gwada yawan layuka da yawan ma'aikatan da ke rajista, a gwada jimillar kuɗi da abin da aka amince a biya. Idan CSV za a aika, a buɗe shi da Notepad, wanda ba ya sauya komai, a duba layuka biyar na farko da biyar na ƙarshe da ido. Abin da Notepad ya nuna shi ne ainihin abin da banki zai karɓa.