Abin da Ya Kayar da Ginin Jiya

A bakin tekun birnin Plymouth, kudu maso yammacin Ingila, akwai wata hasumiya mai ratsin ja da fari da baƙi ke hawa. Matakala 93 ke kai mutum ɗakin fitila, kuma ranar da gari ya yi garau, daga nan ana hango ainihin inda aka fara gina ta: duwatsun Eddystone, can tsakiyar ruwa, waɗanda suka daɗe suna farfasa jirage.

Sau huɗu ana gina hasumiyar fitila a kan duwatsun nan. Henry Winstanley ne ya kunna ta farko a 1698, gini mai yawan ado. Guguwar Nuwamban 1703 ta share ta, shi ma yana ciki, ba a ga ko gawarsa ba. John Rudyerd ya lura cewa ado da kusurwoyi ne ke ba igiyar ruwa abin kamawa, sai ya yi tasa sumul a 1709. Ta jure wa teku, amma katako ce, gobara ta cinye ta a 1755.

John Smeaton ya zo da asara biyu a gabansa, ya yi nazarinsu duka. Ya bar katako ya koma ga dutse. Kowane dutse sai da aka sassaƙa shi yadda zai sarƙe da na kusa da shi, aka ɗaure su da farar ƙasa mai daskarewa ko a cikin ruwa. Ya faɗaɗa gindin ginin, ya tsuke samansa kamar kututturen babbar bishiya. A 1759 aka kunna kyandirori 24 a cikin hasumiyar, ta yi aiki fiye da shekara 120. Daga baya aka gano teku na zaizaye dutsen da ke ƙarƙashinta, don haka James Douglass ya gina ta huɗu a kan wani dutsen a 1882, kuma tana aiki har yau. Mutanen Plymouth suka kwaso saman ta Smeaton suka sake harhaɗa shi a gari, wato hasumiyar da baƙi ke hawa a yau. Gindin kuwa yana can cikin teku.

Babu maginin da ya maimaita kuskuren wanda ya gada. Wannan shi ne abin da nake so mu ɗauka. Duk damina ambaliya na tafiya da gadoji da kwalbatoci a garuruwanmu, rani na yi a mayar da su yadda suke, faɗi ɗaya, tushe ɗaya, kamar ruwan ya yi alkawarin ba zai dawo ba. Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kafin a ba da kwangilar sabon gini, a tura masana su tsaya kan kufan tsohon, su rubuta abin da ya kayar da shi, a karanta wa jama'ar da za su riƙa bi ta kai. Rayukansu ne za a ɗora a kan simintin.