Ilmin Sarah Childress Da Gumin Bayin Da Suka Biya Kuɗinsa

A shekarar 1817 wani attajiri mai gonaki da bayi a Murfreesboro, cikin Jihar Tennessee ta kudancin Amurka, mai suna Joel Childress, ya aika 'ya'yansa mata biyu, Susan da ƙanwarta Sarah, makarantar 'yan mata ta Salem a Jihar Karolina ta Arewa. Tafiyar kimanin mil 500 ce bisa dawaki, wansu Anderson na yi musu rakiya. Makarantar kuwa mabiya ɗariƙar Moravia ne suka kafa ta tun 1772, ana koyar da nahawu da lissafi da tarihi da labarin ƙasa, haɗe da kiɗa da ɗinki.

Sarah ba ta daɗe a can ba. Mahaifinsu ya rasu a 1819, aka komo da su gida. Amma ɗan abin da ta samu bai tafi a banza ba. A 1824 ta auri James K. Polk, wanda ya shugabanci Amurka daga 1845 zuwa 1849. Ita ce ke karanta masa jaridu tana nuna masa wuraren da ya kamata ya lura, tana taya shi rubuta wasiƙu, tana kuma ba shi shawara kan al'amuran siyasa. Lalle wannan ya isa amsa ga masu cewa karatun 'ya mace hasara ne, domin abin da uba ya shuka a gidansa, ƙasa duka ta girba.

To, sai dai labarin yana da wani ɓangare wanda bai kamata a rufe ba. Dukiyar da ta kai Sarah makaranta da gumin bayi aka tara ta. A 1830 Jihar Karolina ta Arewa, watau inda makarantar take, ta kafa doka wadda ta haramta koya wa bawa karatu da rubutu, ta yanka bulala 39 ga bawan da ya koya wa ɗan'uwansa. Bayan rasuwar mijinta a 1849, Sarah ta ci gaba da cin ribar gonar auduga a Misisipi, inda bayi ke noma. Ta rayu har 1891, ta ga an kawar da bauta a 1865. Duk ilmin da ta samu bai sa ta buɗe wa 'ya'yan waɗannan bayi ƙofar da aka buɗe mata ba.

Darasin a nan yana kan ɗalibai da ma'aikata. Duk wanda ya zauna a aji, akwai wanda ya yi gumi a rana don ya zauna. Saboda haka ilmi bashi ne a wuyan mai shi, hanyar biyansa kuwa ita ce ya yi tsayin daka har 'yar talaka ta sami abin da 'yar attajiri ta samu. Ma'aikacin da ke rabon guraben makaranta ko kuɗin taimakon karatu ya tuna da haka kafin ya sa hannu a takarda. Za a auna amfanin takardar shaidarsa da yawan yaran da suka shiga aji ta dalilinsa.