Koriyar Alama Ba Shaidar Lafiya Ba Ce

Akwai wata magana da ta kama bakin masu shagunan kwamfuta da masu makarantu a Kaduna, tun daga Badarawa har Kwaru da Unguwar Dosa: wai yanzu kula da saba (server) ya zama wasan yara. Ka haɗa na'ura uku ko biyar su zama rukuni guda, ka buɗe shafin sarrafawa a intanet, in ka ga kore sai ka je ka yi barcinka. Da wannan hujjar ake sallamar ƙwararre a ɗauko ɗan ƙanin maigida, "ai danne-danne ne kawai". Ban yarda ba ko kaɗan, domin yaranmu ne ke biyan kuɗin wannan sakaci.

A tuna da jarrabawar JAMB ta 2025. Hukumar ta kasa sabobinta gida biyu, rukunin KAD mai sunan Kaduna da rukunin LAG mai sunan Legas. An yi wa manhaja gyara, gyaran ya zauna a ɓangaren Kaduna, amma wasu sabobin ɓangaren Legas ba su samu ba. Aka yi jarrabawa, aka fitar da sakamako, sai da iyaye suka yi ta kururuwa kafin a gane. Ranar 14 ga Mayu Farfesa Ishaq Oloyede, shugaban hukumar a lokacin, ya fito yana hawaye ya amsa kuskuren: cibiyoyi 157, ɗalibai 379,997, duk sai sun sake zama. Yaran Badarawa sun tsira ne don nasu rukunin ya samu gyaran, ba don sun fi na Owerri, da ke rukunin Legas, karatu ba. Sabobin Legas ɗin nan ba mutuwa suka yi ba. A kunne suke, suna ba da tambayoyi, suna karɓar amsa, amma ba abu ɗaya ke cikinsu ba.

Abin da masu wancan ra'ayi suka kasa gani ke nan. Shafi yana nuna abin da aka ce ya auna ne kawai. Sai mutum mai sani ya bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar manhajarsu ta zo daidai.

Ɗauki Proxmox, wanda samarinmu ke so saboda kyauta ne. Rukunin na'ura uku yana buƙatar biyu a raye kafin ya yarda a canza komai. To, ga su nan a ɗaki ɗaya, biyu a jone da inbata guda. Aka ɗauke wuta, batir ya yi sanyi, kafin a tayar da janareto biyun sun faɗi, ta ukun kuma ta ƙi motsi. Wanda maɓalli kaɗai ya sani zai tsaya yana kallon allo, ɗalibai na jira a baranda.

Ko Facebook bai tsira ba. Ranar 4 ga Oktoban 2021 ya ɗauke na kusan awa shida, kayan gyaransa daga nesa suka tafi tare da shi, dole injiniyoyi suka taka zuwa inda na'urorin suke.

Ba cewa nake a jefar da shafin ba, yana rage wahala ƙwarai. Amma makarantun koyon kwamfuta na Kaduna su daina ba yaro takarda don ya iya latsa maɓalli. A sa shi ya zare wayar saba ɗaya da hannunsa, a rufe masa shafin, ya dawo da rukunin ta hanyar rubuta umarni. Mai cibiya kuma, kafin ya karɓi kuɗin iyaye, ya ɗauki wanda ya ci wannan gwajin, ya biya shi albashin da zai zaunar da shi.