Cutar saifa: Wanda ya binne saniyarsa, wa zai biya shi?

A ƙauyuka da rugage da yawa, idan saniya ta kwanta ta kasa tashi, wuƙa ake fara nema. Yaro ya ruga ya kira mahauci, a yanka ta tun da sauran numfashi don kada ta zama mushe. Kafin azahar an kasa nama, maƙwabta sun shiga watanda, wasu ma bashi ne sai ranar kasuwa. Mai saniya ya tsira da wani abu daga cikin kuɗinsa, yara sun sha romo, kowa yana cewa Allah Ya sa an yi hanzari.

Ba a cika tsayawa a tambayi abin da ya kayar da ita ba. Sau da dama kumburin ciki ne, ko ledar da ta haɗiya, ko karaya. Amma wani lokacin cutar saifa ce, wadda likitoci ke kira antaras, kuma a ranar da ta zama ita ce, wannan wuƙar da aka ɗauko don ceton dukiya ita ke buɗe wa cutar hanya zuwa cikin gari.

Makiyaya sun daɗe da sanin saifa. Dabba tana kiwo lafiya da safe, da yamma a tarar ta faɗi. Baƙin jinin da ba ya daskarewa yana fita ta hanci da baki da dubura, cikinta ya kumbura da wuri, gawar ba ta sandarewa yadda aka saba. Idan aka farke ta, za a ga saifarta ta kumbura ta yi baƙi, daga nan sunan ya samo asali. Sai dai farkewar ita ce babban kuskure. Ƙwayar cutar, muddin tana cikin gawar da ba a buɗe ba, ruɓewar gawar kan kashe mafi yawanta. Da zarar ta sha iska sai ta yi wa kanta ɓawo mai tauri, ta kwanta a ƙasa tsawon gomman shekaru, rana ba ta kashe ta, fari ba ya kashe ta. Ruwan damina ya tono ta, wata dabbar ta ci ciyawar wurin, a koma gidan jiya. A 2016 cutar ta ɓulla a yankin Yamal na arewacin Rasha bayan shekara 75 ba a ji ɗuriyarta ba, ta kashe dabbobin kiwo fiye da 2,000 da wani yaro ɗan shekara 12.

Mutum yana kamuwa ta hanya uku. Wadda ta fi yawa ta fata ce: mahauci ko mai fiɗa ko majemi da ke da ɗan rauni a hannu ya taɓa jini ko fatar dabbar, bayan kwanaki ƙurji ya fito, ya fashe, tsakiyarsa ta yi baƙi kamar gawayi, kuma yawanci ba ya ciwo, shi ya sa ake raina shi. Sai ta cin naman, wadda ke zuwa da ciwon ciki da amai da gudawar jini, sannan ta shaƙa, wadda ta fi kisa. Duka suna da magani idan an je asibiti da wuri an kuma faɗa wa likita cewa an taɓa dabbar da ta faɗi.

Najeriya ta samu tuni a 2023. A watan Yuni cutar ta ɓulla a yankin Upper East na arewacin Ghana, har hukumomin can suka dakatar da zirga-zirga da yankan dabbobi na wani lokaci. Ma'aikatar noma ta tarayya ta gargaɗi jama'a game da cin ganda, ana dab da Babbar Sallah, mutane suka mayar da gargaɗin abin barkwanci a Facebook. A tsakiyar Yuli aka tabbatar da cutar a wata gonar shanu da tumaki da awaki a Gajiri, ƙaramar hukumar Suleja ta jihar Neja, bakin hanyar Abuja zuwa Kaduna, bayan gwajin da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ta yi. Wancan karon an yi dace, labari ya kai ga hukuma. Na ruga mai nisan awa uku daga kwalta fa, wa zai kai shi?

Akwai wata fahimta da ke taimaka wa al'adar. Mutane da yawa suna ganin tunda an ambaci sunan Allah an yanka, magana ta ƙare. Yanka yana raba nama da hukuncin mushe, amma ba ya cire ƙwayar cuta daga jini. Shari'ar da ta halatta yankakken nama ita ce ta hana cutar da kai da cutar da wani, kuma ita ce ta ce dabbar da rashin lafiyarta ya bayyana ba ta isar wa layya. Malaman da ke karantar da hukuncin layya duk shekara su ne suka fi kowa damar ƙara wannan jimla a huɗuba, don mai sauraron liman ya ninka mai karanta sanarwar ma'aikata.

Saifa ita ce mai tsoratarwa, amma akwai waɗanda suka fi ta yawa, suna ɓarna shiru. Bakkale tana sa shanu ɓari da kumburin gwiwa, tana kuma kama mutum ta ɗanyar madara ko ta cire mahaifar saniya da hannu tsirara. Zazzaɓi ya zo ya tafi, gumin dare, ciwon gaɓɓai, a yi ta shan maganin maleriya da taifot wata da watanni, alhali maganinta ƙwayoyi iri biyu ne na mako shida. Tarin fukan shanu ma ta madarar da ba a tafasa ba yake bi. Waɗannan biyun tukunya da wuta suna rage haɗarinsu ƙwarai.

Saifa kuwa tafasawa ba ta wadatar da ita, domin kafin naman ya kai tukunya ya bi ta hannun mutum biyar. Shawarar likitocin dabbobi guda ce: kada a yanka, kada a feɗe, a hana karnuka da ungulu kusantar gawar, a sanar da malamin dabbobi, a ƙone ta ko a binne a rami mai zurfin kamar mita biyu.

Shawara ce mai kyau, amma a dube ta daga wurin mai saniya. An ce masa ya tona rami ya binne dukiyar dubban ɗaruruwan naira, wata ma ta haura miliyan, sannan ya kira jami'in da zai iya killace sauran garken ya hana shi kai ko akuya kasuwa. A ɗaya hannun ga mahauci da kuɗi a aljihu. Saniyar nan ita ce bankinsa, ita ce kuɗin auren 'yarsa da takin bana. Duk wanda ya kira zaɓin wuƙa jahilci bai yi lissafin da mai saniya ya yi ba. Muddin faɗin gaskiya asara ne tsantsa, ɓoyewa za a ci gaba da yi, ko an cika rediyo da sanarwa.

Ƙasar nan ta taɓa gane haka. Da murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna a Fabrairun 2006, gwamnati ta biya diyya kan kajin da aka hallaka, naira 250 kowace kaza da farko. Masu kaji sun yi ƙorafin kuɗin ya yi kaɗan kuma yana jinkiri, amma an kafa ƙa'ida: wanda ya yi asara don kare jama'a, jama'a su ɗauke masa wani ɓangare. Ba a ga dalilin da zai sa mai gidan kaji ya cancanci wannan, makiyayin da ya binne saniya bai cancanta ba. Diyyar ba sai ta kai cikakken farashi ba. Ta ɗara abin da mahauci ke bayarwa kan dabbar da ta kwanta, a biya cikin kwanaki bayan gwaji, wannan ya isa ya sauya lissafi.

Rigakafi ya fi diyya arha. Allurar saifa a Vom ake yin ta, cibiyar da ke aiki tun 1924, kuma sau ɗaya ake yi wa dabba a shekara. Matsalar ita ce isar da ita. Dazuzzukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja, inda shanu suke da yawa, nan ne malamin dabbobi ke tsoron shiga da babur. Shanun sata kuma ba sa bin shingen duba lafiya, da dare ake lodin su. Zimbabuwe ta ga ƙarshen irin wannan: yaƙin ƙarshen shekarun 1970 ya tsayar da allurar dabbobi a karkara, saifa ta kama mutum fiye da 10,000 cikin 'yan shekaru. Ga kuma kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari da Illela da Mubi, inda dabbar da ta kwana a wata ƙasa za ta wayi gari a tirela mai zuwa Legas.

Tun Yulin 2024 Najeriya tana da ma'aikatar bunƙasa kiwo mai zaman kanta, akwai kuma dokar daƙile cututtukan dabbobi ta 2022. Hankalin ma'aikatar ya fi karkata ga wuraren kiwo na zamani da zuba jari, waɗanda za su ɗauki shekaru. Asusun diyya da jihohi za su yi karo-karo a ciki, da lambar waya guda da ake ɗauka, da zama da sarakunan fawa da arɗo-arɗo a kowace ƙaramar hukuma, ba sa buƙatar jiran wannan. Sarkin fawa ya san wane mahauci ne ke yawo ƙauyuka yana sayen dabbobin da suka kwanta, ya kuma san kwatar da ake kai naman kafin gari ya waye, tun mai duba nama bai iso ba.